Sa'ad da Birni Ya Iso Bakin Gona

Ɗan'uwana mai karatu, in ka taɓa sauka a Abuja, ka ji yaran mota suna kiran sunayen unguwanni: Wuse, Garki, Jabi, Utako, Durumi, Maitama. Wataƙila ka ɗauka waɗanda suka zana taswirar birnin ne suka raɗa su. Ba haka ba ne. Sunayen ƙauyuka ne da suka riga kwalta zuwa wurin. Inda bankuna da ma'aikatu suke tsaye yau, a dā kunyoyin doya ne da gonakin dawa, da rumbuna, da kaburburan iyaye da kakanni. Birnin ya riƙe sunayen, amma da yawa daga cikin masu sunayen ya tura su gaba.

A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yi dokar kafa sabon babban birnin tarayya, bisa shawarar kwamitin da Mai Shari'a Akinola Aguda ya shugabanta. Legas ta cika ta batse, ana kuma neman wuri a tsakiyar ƙasa wanda babu ɗaya daga cikin manyan ƙabilu da zai ce nasa ne. Aka yanko ƙasa mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja, Filato da Kwara na wancan lokaci. Amma ƙasar da mutanenta. Akwai Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, akwai Koro, Gade, Gwandara, Bassa, Ganagana da waɗansu. Da farko aka ce za a kwashe kowa da kowa a kai su wajen yankin. Da aka yi lissafin diyya aka ga kuɗin ya fi ƙarfin aljihu, sai a 1978 aka ce waɗanda aikin gini ya taɓa kaɗai za a tayar. Haka mutanen Wuse suka koma Sabon Wuse a jihar Neja, waɗansu kuma suka nufi Sabon Karu da Sabon Nyanya. Gwamnati ta tare a Abuja ran 12 ga Disamba 1991. A 1992 aka ce a bar ƙauyen Garki a inda yake, birni ya kewaye shi. A 1999 aka sāke komawa kan maganar tayar da mutane, aka gina gidaje a Jibi domin su, amma da aka gama sai jami'an tsaro suka shige ciki. Ka lissafa da kanka: yaron da aka haifa a shekarar da aka yi dokar nan ya yi furfura yanzu, kuma a waɗansu ƙauyuka har yau bai san ko a nan za a binne shi ba.

Ban kawo maka labarin Abuja domin in tsine wa birni ba. Ƙasa tana bukatar babban birni, mara lafiya yana bukatar asibiti, asibiti kuwa ba a sama ake gina shi ba. Ni da kai mun ci moriyar hanyar da ta ratsa gonar wani. Tambayar da nake so mu zauna a kanta ita ce: in dole ne birni ya ci gona, me mai gonar yake binmu? Kuma yaushe za a ce an biya shi?

Ka san labarin Nabot a Littafin Sarakuna na Fari, sura 21. Yawancinmu jinin Nabot muke tunawa, mukan manta da yadda maganar ta fara. Sarki Ahab bai fara da ƙwace ba, da ciniki ya fara. Gonar inabin tana kusa da fādarsa a Yezreyel, yana so ya mai da ita lambu. Ya yi tayin musanya da wata gonar da ta fi ta kyau, ko kuwa ya biya kuɗinta. Ko dillalin yau ya ji wannan tayi zai ce an yi adalci. Nabot ya ƙi, dalilinsa kuwa ɗaya ne, gādon kakanninsa ce. Sarki yana ganin fili mai tsawo kaza da faɗi kaza, Nabot yana ganin amana da ya karɓa daga hannun waɗanda suka riga shi domin ya miƙa wa waɗanda ba a haifa ba. Ba abu ɗaya suke ciniki ba, shi ya sa farashi bai haɗa su ba.

Dubi kuma yadda aka kashe shi. Ba a aiko 'yan fashi da dare ba. Wasiƙa aka rubuta da sunan sarki, aka buga hatimi, aka yi shelar azumi, aka kawo shaidu biyu kamar yadda shari'a ta tanada. Waɗanda suka zartar da abin kuwa dattawa ne da manyan garinsa, mutanen da ya saba gaisawa da su kowace safiya. Takardun Ahab sun cika a ranar da ya gangara ya karɓi gonar. A cikin gonar ne annabi Iliya ya tarye shi. Ina roƙonka ka riƙe wannan: hatimi yana iya halatta abu a gaban alƙali, bai wanke shi a gaban Ubangiji ba. Kuma sau da yawa hannun da ke miƙa gonar talaka ba na baƙo ba ne. Mai unguwa ne, ko dagaci, ko babban wa a cikin gida, wanda ya sa hannu a madadin kowa ya karɓi nasa a ɓoye.

To, sai ka ce mini, ai gwamnati ba Ahab ba ce, ba lambun shaƙatawa take nema ba, hanya ce da makaranta da madatsar ruwa. Na yarda. Ba kowane tashi ne zalunci ba. Amma kyawun dalili ba ya rage nauyin bashi. In an tayar da mutum domin amfanin jama'a, jama'a ce ta ci bashinsa, ni da kai muna ciki.

Yanzu mu duba yadda ake auna bashin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa dukan ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. A Abuja kuwa ƙasa ta gwamnatin tarayya ce. In aka karɓe fili domin bukatar jama'a, abin da ake biya shi ne abin da ke kan ƙasar: gini, shuka, itatuwa masu amfani. Ita ƙasar kanta ba a sayenta daga hannun manomi, domin a idon doka ba tasa ba ce. Sai ma'aikata su zo da littafi su ƙirga: tushen rogo kaza, mangwaro kaza, ɗorawa kaza, ɗakin laka kaza. A buga kuɗi, a biya, wani lokaci bayan shekaru, sa'ad da kuɗin ya riga ya zube daraja.

Ka gwada wannan da dokar da ke cikin Littafin Firistoci, sura 25. A can ma an ce ƙasa ba ta mutum ba ce, ta Allah ce, mutane baƙi ne a kanta. Amma dubi inda maganar ta nufa. Tun da ƙasa ta Allah ce, ba mai iko ya raba iyali da ita har abada. A shekara ta hamsin sai ta koma hannun masu ita. In mutum ya sayar da gona, yadda ake yanke kuɗinta shi ne a ƙirga yawan girbin da ya rage kafin shekarar nan ta zo. Shekaru da yawa, kuɗi da yawa. Shekaru kaɗan, kuɗi kaɗan. Wato abin da ke cikin gona ba shukar bana kaɗai ba ce, girbin baɗi ne da na baɗin baɗaɗa, har iyakar ran mutum da na 'ya'yansa. Mu kuwa mun ɗauki rabin farko na maganar, cewa ƙasa ba ta manomi ba ce, muka bar rabi na biyu. Muna biyan damina ɗaya mu karɓe damina hamsin.

Ban ce a ɗauko dokar Isra'ila ta dā a ɗora wa ma'aikatar filaye ba, zamani ya bambanta. Ma'auninta nake so ka gani, gama ma'aunin gaskiya ne, duk wanda ya taɓa riƙe fartanya kuwa ya sani. Itacen ɗorawa guda ɗaya yana ba mace kalwar da za ta yi daddawa shekara da shekaru. Kaɗanya tana ba ta man da za ta dafa abinci, ta shafa, ta sayar ta biya kuɗin makaranta. Ba ita ta shuka su ba, ta tarar da su, ba kuma za ta ga girman waɗanda za a shuka a sabon wuri ba. Nawa za ka rubuta a littafi?

Akwai kuma abin da kuɗi ke yi wa mutumin da bai saba riƙe shi da yawa ba. Kada ka raina shi a kan wannan. Kai ma da za a karɓe albashinka na shekara talatin a ba ka buhunan irin doya a ce ka rayu da su, da ka ga yadda gwaninta ke ƙarewa. Gona tana biya kaɗan-kaɗan, kowace shekara, ba ta ƙarewa. Diyya tana zuwa gaba ɗaya, ranar da ta zo kuwa dangi na nesa da na kusa sun ji labari. A yi aure, a biya bashi, a yi jinya, a saya wa saurayi babur ya shiga acaɓa. A 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin Abuja. Ka yi tunanin gidan da gonarsu ta zama babur, babur kuma aka kore shi daga titin da aka shimfiɗa a kan gonar. Daga nan sai leburanci a wurin gini, ko gadi a ƙofar gidan da ke tsaye inda rumbun mahaifinsa yake a dā. Mutumin da yake ciyar da baƙi ya koma auna garin masara da mudu a kasuwa. Ba yunwa kaɗai ke cinsa ba. Dattijon da ba shi da gonar da zai nuna wa ɗansa iyakarta, da wuya ɗan ya saurari maganarsa a kan wani abu.

Saboda haka ne nake cewa tsugunar da manomi ba gina masa ɗaki ba ne. Ɗaki biyu da rufin kwano a kan tsandauri, nesa da rafi, ba tare da gona ba, wannan ajiye mutum ne kamar kaya. Ka tuna yadda aka sauki gidan Yakubu a Masar, a Littafin Farawa sura 46 da 47. Tambayar da Fir'auna ya fara yi wa 'yan'uwan Yusufu a kan sana'arsu ce. Da aka ji makiyaya ne, sai aka ba su Goshen, ƙasar da ta dace da dabbobi, aka bar su wuri ɗaya a matsayin dangi, Yusufu kuma ya riƙa ba su abinci gwargwadon yawan 'ya'yansu. Sarkin da bai san Allahn Ibrahim ba ya san a fara da tambayar abin da mutum yake ci da shi. Mu sau da yawa mukan zana gidajen tukuna, mu buga lamba a ƙofa, sa'an nan mu je mu sanar da mutanen.

Da za a yi wa manomin doya wannan tambaya, da ya faɗi abubuwan da ba su cikin taswira. Zai ce doya tana son ƙasa mai zurfi wadda ta huta, ba a maimaita ta a wuri ɗaya shekara bayan shekara, saboda haka kadada ɗaya da aka auna masa ba ta maye gurbin dajin da yake juyawa a ciki ba. Zai ce kada a tashe shi da damina shuka tana ƙasa. A bari ya girbe, ya fid da iri, ya isa sabon wuri da sauran lokacin yin kunya kafin ruwa ya sauka. Zai tambayi fadama, domin noman rani ne ke riƙe gida sa'ad da rumbu ya yi ƙasa. Zai tambayi hanyar kasuwa. Matarsa za ta tambayi ruwa da itacen wuta, in kuwa mai ginin tukwane ce, kamar matan Ushafa da na Kwali, garin Ladi Kwali wadda hotonta ke kan takardar naira 20, za ta tambayi inda za ta haƙo yumɓu. Tsofaffi za su tambayi kaburbura. Kuma dukansu za su tambayi abu ɗaya wanda ya fi sauran nauyi: takarda. Gama mutumin da aka tayar aka ajiye a sabon wuri ba tare da shaidar mallaka a hannunsa ba, an ɗaga masa ranar kuka ne kawai. Birni bai tsaya ba. Bayan shekara ashirin zai sāke iso shi, a sāke ce masa ƙasar ba tasa ba ce.

Sai kuma waɗanda littafin ƙirga ba ya gani. Ana rubuta sunan maigida. Gwauruwar da ke noma gefen gonar mijinta marigayi ba ta ciki. Wanda ya yi shekara talatin yana noma gonar aro ba ya ciki. Yaron da aka ƙirga yana ɗan shekara goma, kafin a zo tashi ya yi aure ya haifi uku, shi ma ba ya ciki, sai a ce ya raɓa a ɗakin ubansa. Da Bafulatanin da shanunsa ke cin karan gonar bayan girbi suna bar mata taki. Gona ɗaya bakuna da yawa take ciyarwa, diyya kuwa hannu ɗaya take shiga.

Kada in ɓoye maka ɗaya gefen. Ba kowane mai gona ne Nabot ba. Akwai waɗanda da jin ƙamshin birni suka yanka gonar gado fuloti-fuloti suka sayar, wani ma ya sayar da fili ɗaya ga mutum uku. Akwai waɗanda aka ba gida a sabon matsuguni suka sayar suka koma tsohon wuri suna jiran wata diyyar. Akwai samarin da ba su son noma ko da an ba su Goshen, birni suke so, kuma ba laifi ba ne mutum ya so ɗansa ya zama likita. Duk wannan gaskiya ne. Amma kwaɗayin waɗansu ba ya soke hakkin sauran, kuma mutumin da aka yi wa alkawari sau huɗu aka saɓa, in ya koyi wayo, a tambayi wanda ya koya masa. Ga samarin kuwa, in har birni ya cinye sana'ar ubansu, bashin ya haɗa da makaranta da koyon sana'a da wurin zama a cikin birnin, ba a bayansa ba.

Wataƙila kana karanta wannan a Jos, ko Kaduna, ko Gombe, ko Yola, kana cewa wannan maganar Abuja ce da manyan gwamnati. Fita bayan garinku ka duba. Inda ka sayi gyaɗa a bakin gona shekara goma da suka wuce, yau tubalin siminti ne a jere. Ba katafilar gwamnati ce ta yi yawancin wannan ba. Mu ne, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu ritaya, kowa da fulotinsa. Da ikkilisiyoyi. Muna sayen kadada biyar domin majami'a da makaranta da filin taron shekara, mu yi addu'ar keɓewa, mu yi waƙa, ba wanda ya tambayi wa yake ci daga wurin a bara.

Sarki Dawuda ya taɓa bukatar fili domin aikin Allah. Masussukar Arauna Bayebuse ce, a sura ta ƙarshe ta Littafin Sama'ila na Biyu. Arauna ba Ba'isra'ile ba ne, daga mutanen da suke zaune a Urushalima ne tun kafin Dawuda ya ci birnin, wato ɗan asalin wurin. Da ya ga sarki da fādawansa sun nufo shi, ya rusuna ya ce a ɗauki masussukar kyauta, har da shanun da itacen. Kai ma ka san irin kyautar da talaka ke yi wa sarki in sarki ya zo ƙofarsa da jama'a. Dawuda ya ƙi karɓa, ya ce ba zai miƙa wa Ubangiji hadayar da bai biya kome a kanta ba, ya auna azurfa shekel 50 ya biya. A wurin nan ne daga baya Sulemanu ya gina Haikali. Ka lura, tsarkin aikin bai zama dalilin neman rangwame ba. Shi ne ma dalilin ƙin karɓar kyautar. Mu kuwa sau nawa muka ce wa mai gona, ai aikin Allah ne, ka rage mana, alhali mun san yunwa ce ta sa shi sayarwa?

Bari in ba ka abin da ya faru a gabana. Shekarun baya ikkilisiyarmu ta sayi fili a bayan gari domin gina makaranta. An biya, an sa hannu, mai unguwa ya shaida, takardu sun cika. Ranar da kwamiti ya je duba wurin, wani dattijo a cikinmu, wanda bai yi boko mai zurfi ba, ya tsaya ƙarƙashin wani mangwaro ya ce, “Wa ya shuka wannan?” Ba wanda ya sani. Ya nuna kunyoyin gyaɗa da aka tuge bai daɗe ba, ya ce, “Wa ya nome nan?” Ma'aji ya ce, “Baba, ai mun biya masu wurin.” Dattijon ya ce, “Na ji. Ina tambayar mai gyaɗar ne.”

Da aka bincika, sai ga wata gwauruwa mai 'ya'ya huɗu. Gonar mijinta ce. Bayan rasuwarsa 'yan'uwansa suka sayar, ko sisi ba ta gani ba, a bakin maƙwabta ma ta ji labarin cinikin. Aka kai maganar gaban dattawa. Waɗansu suka ce wannan rigimar gida ce, ba ruwan ikkilisiya, in muka buɗe wannan ƙofa kowa zai zo da tasa. Ba maganar banza suka yi ba, kuɗin ma bashi muka ciwo. Aka yi zama uku ba a daidaita ba. Shugabar zumuntar mata ce ta ce in an kori matar nan, ita ba za ta iya tsayawa ta yi waƙa ranar buɗe makarantar ba. A ƙarshe aka biya matar kuɗin itatuwan a hannunta, aka bar mata gefen da gini bai kai ba ta ci gaba da nomawa, aka rubuta haka a littafin ikkilisiya, aka kuma ɗauki 'ya'yanta biyu a makarantar ba tare da kuɗi ba.

Bara aka kawo shawarar gina ɗakin kwanan ɗalibai, zanen kuwa ya hau daidai kan gefen nan nata. Dattijon da ya yi tambayar ya rasu. An sa maganar a taron wata mai zuwa, ni kuma ina cikin kwamitin.